Gajerun Hanyoyin Daji Zuwa Magangarun Ruwa A Kewayen Birnin Sidni: Yadda Suka Samu Da Haɗarin Da Ke Cikinsu

A ranar 4 ga Afrilun 2022, wasu iyali su biyar, 'yan ƙasar Birtaniya da suka je hutu Ostireliya, suna tafiya a ƙafa a kan wata hanyar daji da ke kusa da magangarar ruwa ta Wentworth, kimanin kilomita 100 yamma da birnin Sidni, sai wani ɓangare na bangon dutsen da ke samansu ya zaftaro. Uban da ƙaramin ɗansa mai shekara 9 suka rasu a wurin. Uwar da wani ɗan nasu suka sami munanan raunuka, sai da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke su.

Iyalin ba wani surƙuƙin daji mai nisa suka shiga ba. Hanya ce sananniya, mai matakala da allunan nuna hanya, a cikin gandun dajin da ke karɓar miliyoyin baƙi a kowace shekara. Jirgin ƙasa yana kai mutum garin da take cikin kimanin sa'o'i biyu daga tsakiyar Sidni.

Lamarin ya sake tunatar da jama'a wani abu da jami'an gandun daji suka daɗe suna nanatawa, wato gajartar hanya ba ta rage mata haɗari. Dutsen da ya bai wa Sidni magangarun ruwa masu yawa a kusa da gidajen mutane, shi ne kuma yake zubowa lokaci zuwa lokaci. Fahimtar wannan dutse ita ce mabuɗin fahimtar hanyoyin, da kyawunsu, da kuma abin da ke sa su zama ajalin wasu.

Birni a tsakiyar daji

Sidni shi ne babban birnin jihar New South Wales, yana kuma da mazauna fiye da miliyan 5. Daga gabas teku ne ya tokare shi. Sauran ɓangarorin uku kuwa gandun daji ne na gwamnati: Gandun Royal daga kudu, Gandun Ku-ring-gai Chase daga arewa, sai tsaunukan Blue Mountains, wato Shuɗɗan Duwatsu, daga yamma.

A cikin waɗannan dazuzzuka akwai ƙoramu masu ɗimbin yawa, kuma da yawa daga cikinsu suna da wurin da ruwansu ke faɗowa daga tudu zuwa kwari, abin da ake kira magangarar ruwa ko matsirga. Wasu ba su wuce tsayin ɗaki ba. Wasu sun haura mita 150.

Fita yawon daji a ƙafa a ƙarshen mako al'ada ce da ta kafu a tsakanin mutanen birnin. Abin da ya sauƙaƙa ta shi ne kusanci. Akwai magangarun da ake isa gare su cikin minti biyar daga inda aka ajiye mota, akwai kuma waɗanda hanyarsu ke farawa daga bakin tashar jirgin ƙasa. A kudancin birnin ma har akwai wata unguwa da tashar jirginta mai suna Waterfall, sunan da ke nufin magangarar ruwa a Turance.

Dutsen da ya haifi magangarun

Yawancin yankin Sidni yana zaune ne a kan dutsen yashi, wato yashin da ya taru ya dunƙule ya zama dutse. Masana ilimin duwatsu sun ƙiyasta cewa wasu manyan koguna ne suka jibge wannan yashi fiye da shekaru miliyan 200 da suka shige. Daga baya ƙasar ta ɗago ta zama shimfiɗaɗɗen tudu, ƙoramu kuma suka yi ta cin ta har suka tsaga kwazazzabai masu zurfi.

Dutsen ba iri ɗaya ba ne daga sama har ƙasa. Hawa-hawa yake. Tsakanin shimfiɗun dutsen yashi masu tauri akwai na dutsen laka da na yumɓu, waɗanda suka fi taushi. Ruwa da iska sun fi saurin cin mai taushin, sai su bar mai taurin a rataye ba abin da ya tallafe shi. Idan nauyi ya yi yawa, dutsen na sama yakan tsage ta inda yake da layin tsaga a tsaye, ya ɓalle ya faɗa kwari. Wannan ne ya sa bangayen duwatsun yankin suke miƙe sak kamar an yanka su da wuƙa, kuma duk ƙoramar da ta iso bakinsu dole ta faɗo.

Ke nan faɗuwar duwatsu ba wani baƙon abu ba ne a wurin. Ita ce ta samar da magangarun tun asali, kuma har yau ba ta tsaya ba.

Dutsen yashin ya yi wa yankin wani amfani na daban. Ƙasar da ke fitowa daga gare shi ba ta da albarka, ba ta riƙe ruwa, ba ta kuma karɓar noma. Turawan da suka kafa mazauninsu a Sidni a 1788 sun sare dazuzzukan da ke kan ƙasa mai kyau sun mayar da su gonaki, suka ƙyale tuddan yashin. Rashin amfanin ƙasar ga manomi shi ya bar dajin a tsaye har lokacin da aka soma tunanin kare shi.

Itacen da ya mamaye waɗannan tuddai ba baƙo ba ne ga mutanen Najeriya. Shi ne itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti, da ake dasawa a gandun itatuwa da shingayen kare iska a arewacin ƙasar. Ostireliya ce mahaifarsa. A yankin Shuɗɗan Duwatsu kaɗai akwai fiye da nau'i 90 nasa, kuma ana danganta shuɗin hazon da ya ba tsaunukan sunansu da man da ganyensa ke fitarwa cikin iska.

Inda ruwan yake fitowa

Sidni yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara, kuma ba shi da damina da rani a rarrabe kamar yadda aka sani a ƙasar Hausa. Ana iya yin ruwa a kowane wata, ana kuma iya shafe watanni ana fari. Saboda haka magangarar da ke ruri a wannan mako tana iya komawa ɗigo bayan makonni kaɗan.

Abin da ke hana wasunsu ƙafewa ƙurmus shi ne fadamun da ke kan tudu. Ruwan sama yakan tsatsa cikin dutsen yashi har ya tarar da shimfiɗar yumɓu da ba ya iya ratsawa, sai ya bi ta gefe ya ɓullo a jikin gangare. A irin wuraren ne ciyayi da ruɓaɓɓen ganye suke taruwa su zama fadama mai kama da soso, wadda ke shan ruwa lokacin da ake marka, ta riƙa sakinsa a hankali lokacin fari. Wasu fadamun a jikin gangare suke kamar an rataye su. A 2005 gwamnatin tarayyar Ostireliya ta sanya irin waɗannan fadamu cikin jerin muhallan da ke fuskantar barazanar ɓacewa.

Hanyoyin kudu da arewa

Gandun Royal yana kimanin kilomita 30 kudu da tsakiyar birnin, kuma faɗinsa ya kai kusan hekta 15,000. Ƙasar gado ce ta al'ummar Dharawal, ɗaya daga cikin al'ummomin 'yan asalin Ostireliya.

Wuri mafi farin jini a cikinsa shi ne Wattamolla, sunan da aka ce yana nufin wuri kusa da ruwa mai gudu a harshen Dharawal. A nan ƙorama ke faɗowa daga kan dutse zuwa wani tafki, wanda rairayi ya raba shi da teku. Tazarar da ke tsakanin wurin ajiye motoci da inda ake kallon magangarar 'yan mintuna ce. A wannan lungu ne matuƙan ruwa George Bass da Matthew Flinders suka fake a 1796, lokacin da guguwa ta rutsa da su a cikin wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa.

Daga Wattamolla, wanda ya bi gaɓar teku ya nufi kudu kimanin kilomita 4 zai isa magangarar Curracurrong, wadda ruwanta ke zuba daga kan bangon dutse kai tsaye cikin teku. Idan iska mai ƙarfi tana kaɗawa daga teku, takan mayar da ruwan sama, ya koma kan tudun da ya fito. Hanyar ɓangare ce ta wata doguwa mai tsawon kilomita 26 da ta tashi daga Bundeena zuwa Otford, kuma tsakanin Mayu da Nuwamba ana hango manyan kifayen teku na whale suna wucewa daga kanta.

Wanda ba shi da mota yana iya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Heathcote ya gangara zuwa kududdufan Karloo, tafiyar da ba ta wuce kilomita 3 ba. Idan yana da sauran ƙarfi sai ya zarce zuwa magangarar Uloola, ya fita ta tashar Waterfall, jimillar kimanin kilomita 11.

A arewacin birnin, cikin Gandun Ku-ring-gai Chase, akwai hanyar America Bay mai kimanin kilomita 2 zuwa da dawowa. Tana wucewa ta kusa da zane-zanen da 'yan asalin ƙasar suka sassaƙa a kan fa, ta ƙare a inda ƙorama ke faɗawa wani lungun ruwa. Gaba kaɗan, kusa da garin Gosford, akwai magangarar Somersby mai hawa-hawa, wadda hanyarta ba ta kai kilomita ɗaya ba amma kusan duk matakala ce.

Daga kudu maso yamma kuma, tafiyar kimanin sa'o'i biyu a mota, akwai magangarar Fitzroy mai tsayin mita 81 a Gandun Morton. An shimfiɗa mata hanyar katako daga ofishin baƙi zuwa dandamalin kallo, ta yadda mai keken guragu ma yana iya isa.

Hanyoyin yamma

Magangarun da suka fi tsayi suna tsaunukan yamma, ƙasar gado ta al'ummomin Gundungurra da Dharug. Ta Wentworth tana da tsayin mita 187 a hawa uku. An sa mata sunan William Charles Wentworth, ɗaya daga cikin Turawa uku da suka ƙetare tsaunukan a 1813, tare da Gregory Blaxland da William Lawson.

A Janairun 1836, masanin halittu Charles Darwin ya sauka a wani masauki da ke wurin, ya bi ƙoramar Jamison a ƙafa har bakin magangarar. Hanyar da ya bi tana ɗauke da sunansa a yau. Akwai kuma wata gajeruwa daga wurin shaƙatawa zuwa kan magangarar, kimanin kilomita ɗaya da rabi zuwa da dawowa, mai ɗaruruwan matakala.

A garin Katoomba akwai magangarar da ake haska hanyarta da fitilu da daddare. A Blackheath kuwa akwai ta Govetts Leap mai tsayin mita 180, wadda ake kallonta daga dandamalin da mota ke kaiwa har bakinsa. A 2024 aka buɗe wata hanya mai tsawon kilomita 19 da ta bi bakin duwatsu daga Wentworth Falls zuwa Katoomba, wadda ta haɗe tsofaffin gajerun hanyoyi da dama, ana kuma iya shiga ko fita daga cikinta ta wurare daban-daban.

Bambancin hanyoyin yamma da na bakin teku shi ne, a nan garuruwa a kan tudu suke, kwari kuma yana ƙasa. Mai tafiya yakan fara da gangara ne, ya ƙare da hawa. Mutane da yawa sukan sauka cikin nishaɗi, sai a dawowa su gane cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Waɗanda suka sassaƙa hanyoyin da waɗanda suka kare dajin

An kafa Gandun Royal a ranar 26 ga Afrilun 1879, shekara bakwai bayan Gandun Yellowstone na Amurka, abin da ya sa ake lissafa shi cikin mafi daɗewa a duniya. An ƙara masa kalmar Royal a 1955, bayan ziyarar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1954. Gandun Ku-ring-gai Chase ya biyo baya a 1894.

A tsaunukan yamma, jirgin ƙasa ne ya kawo sauyi. Layin dogo ya isa garin Wentworth Falls, wanda a lokacin ake kira Weatherboard, a 1867. Daga nan garuruwan tsaunin suka shiga gasar jawo baƙi, kowane yana sassaƙa hanyoyi da matakala zuwa magangarun da ke kusa da shi. Mafi shahara ita ce National Pass, wadda aka buɗe a 1908. 'Yan ƙalilan ma'aikata ne suka haƙa ta da diga da shebur da nakiya, suka bi wani siririn layi na dutsen yumɓu da ya ratsa tsakiyar bangon dutsen.

Masu yawon dajin su ma sun taka rawa. Myles Dunphy ya kafa ƙungiyar Mountain Trails Club a 1914, aka kuma kafa Sydney Bush Walkers a 1927. A 1931 wasu daga cikinsu suka tarar da wani mai hayar fili yana shirin sare dogayen itatuwan turare na dajin Blue Gum, a kwarin Grose. Suka tara fam 130 suka biya shi ya saki filin, aka mayar da shi wurin da doka ta kare a 1932. An kafa Gandun Blue Mountains a 1959, aka kafa hukumar kula da gandun daji da namun daji ta jihar a 1967, sannan a shekarar 2000 Hukumar UNESCO ta sanya yankin, mai faɗin fiye da hekta miliyan ɗaya, cikin wuraren tarihi na duniya.

Inda haɗarin yake

Haɗari na farko shi ne zaftarewar duwatsu. A Nuwamban 2017, dutse ya faɗo kan wasu ma'aikata da ke aikin gyara a hanyar National Pass, ya kashe ɗaya ya jikkata biyu, aka kuma rufe tsakiyar hanyar tsawon shekaru. Zaftarewar 2022 ta zo ne bayan makonni ana sheƙa ruwa. A wannan shekara Sidni ya sami ruwan sama fiye da milimita 2,500, mafi yawa tun da aka fara ajiye alƙaluma. Ruwa yana cika tsagogin dutse, ya jiƙa yumɓun da ke ƙasa ya sassauta shi. Abin takaicin shi ne, lokacin da magangara ta fi kyan gani, wato bayan ruwa mai yawa, shi ne lokacin da bangon ya fi rauni.

Na biyu shi ne santsi. Gansakuka takan lulluɓe fan da ruwa ke bi ta kansa, kuma a saman magangara zamewa ɗaya ta isa. Jami'ai sun sha kokawa kan masu tsallake shinge domin ɗaukar hoto a bakin dutse, ɗabi'ar da ta ƙaru tun da hotunan wuraren suka yawaita a Instagram da makamantansa.

Na uku shi ne tsalle cikin ruwa. An haramta dira daga kan dutsen Wattamolla, an kuma kafa shinge, amma ana ci gaba da samun masu yi, an kuma yi asarar rayuka a tafkin. Zurfin kududdufi yana sauyawa bayan kowace ambaliya, domin ruwa yana kawo yashi da gungumen itace da duwatsu ya ajiye a inda babu su a da. Ruwan kwazazzabo kuma yana da sanyin da ke iya sandarar da gaɓɓan mai iyo ko da ana tsananin zafi.

Na huɗu shi ne ambaliyar bazata. Dutsen yashi da ƙasa marar kauri ba sa shanye ruwa mai yawa a lokaci guda, saboda haka hadarin da ya zuba a kan tudu yana iya cika siririn kwazazzabo cikin ɗan lokaci, ko da ba a ga ɗigo ɗaya ba a inda mai tafiya yake.

Sai wutar daji. Itacen turare mai maiƙo ne, yana kuma kamawa da sauri. A Janairun 1994 wuta ta cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na Gandun Royal. A gobarar 2019 zuwa 2020, fiye da kashi biyu cikin uku na yankin Shuɗɗan Duwatsu ya ƙone. A ranakun da haɗarin gobara ya tsananta, hukuma takan rufe hanyoyi ko gandun baki ɗaya.

Akwai kuma ɓata. A Yulin 2009, wani matashi ɗan Birtaniya mai shekara 19 ya fita yawon yini ɗaya daga Katoomba, ya bar wayarsa a masauki, ya ɓace a daji har kwana 12 kafin ya haɗu da wasu masu yawo da suka cece shi. A cikin kwari sau da yawa waya ba ta samun sabis, ko da garin yana can sama ana hangensa.

Abin da hukumomi ke shawarta

Ostireliya tana da tsarin rarraba hanyoyin daji zuwa mataki biyar, kuma ana rubuta matakin kowace hanya a allon da ke bakinta. Mataki na 1 shimfiɗaɗɗiyar hanya ce marar matakala, wadda mai keken guragu zai iya bi da taimako. Na 2 tana da ɗan hawa da gangara. Na 3 tana da gangara mai tsanani da matakala masu yawa, ana kuma son mai binta ya ɗan saba. Na 4 da na 5 na gogaggu ne, musamman ta ƙarshen da ke buƙatar iya karanta taswira. Ba tsawo kaɗai ake dubawa ba wajen ba da matakin. Hanyar da ba ta kai kilomita 2 ba tana iya zama mataki na 3 ko na 4.

Hukumar gandun dajin jihar da rundunar 'yan sanda suna da wani shiri na faɗakarwa da ya ginu a kan abubuwa huɗu: a ɗauki isasshen ruwa da abinci da taswira da kayan taimakon farko, a sanar da wani inda za a je da lokacin dawowa, a riƙe na'urar neman agaji mai aiki da tauraron ɗan'adam, a kuma tsaya a kan hanyar da aka tsara. Ana ba da aron na'urar kyauta a wasu ofisoshi a yankin tsaunukan. Ana son kowane mutum ya ɗauki aƙalla lita 2 na ruwa, kuma lambar kiran gaggawa a ƙasar ita ce 000.

Kafin fita, ana buƙatar duba shafin hukumar na intanet, inda ake wallafa sanarwar rufe hanyoyi, da kuma hasashen yanayi. Baƙon da ya fito daga Najeriya yana bukatar ya tuna cewa lokutan shekara a can a juye suke. Disamba zuwa Fabrairu ne tsananin zafi da gobara, Yuni zuwa Agusta kuma sanyi, har dusar ƙanƙara takan sauka a garuruwan tsauni, rana kuma tana faɗuwa da wuri.

Game da macizai, akwai masu mugun dafi a dajin, ko da yake yawancinsu guje wa mutum suke yi. Shawarar likitocin ƙasar, wadda ta shafi irin macizansu, ita ce kada a tsaga wurin saran, kada a tsotse, kada a wanke. A naɗe gaɓar da bandeji mai matsewa, a hana ta motsi, a kira agaji. Matsattsaku kuwa, da ke yawaita a wurare masu laima bayan ruwan sama, sun fi ban ƙyama fiye da cutarwa.

Ruwan ma yana buƙatar kariya

Kusancin da ya sa magangarun suka zama na kowa shi ne kuma yake cutar da su. Tun da garuruwan tsaunin a sama suke, duk abin da ruwan sama ya wanke daga titi da lambatu da bayan gida, cikin ƙoramu yake zuba. A Yulin 2012, maganin kashe gara ya malala cikin ƙoramar Jamison, wadda ke ciyar da magangarar Wentworth, ya kashe fiye da 1,000 na wani nau'in babban jatan lande na ruwan daɗi. Saboda irin wannan ne ake gargaɗin kada a sha ruwan ƙorama ba tare da an tafasa ko an tace shi ba, a kuma guji wanka a cikinsa na 'yan kwanaki bayan ruwa mai yawa.

Fadamun kan tudu su ma suna shan wahala. Ruwan da ke kwararowa da ƙarfi daga kwalta da rufin gidaje yana tsaga su ya zama zaizaya, su daina riƙe ruwa. A wasu sassa, haƙar kwal a ƙarƙashin ƙasa ta tsaga dutsen da ke ƙasan fadamu da ƙoramu, ruwan ya zurare. Fadamar da ta bushe tana saurin ƙonewa idan gobara ta zo, kuma farfaɗowarta na ɗaukar lokaci mai tsawo.

Dokokin gandun sun hana shiga da karnuka, da tsinkar tsirrai, da ciyar da namun daji, da barin shara. Ana kuma roƙon masu yawo su goge takalmansu kafin shiga da bayan fita, domin akwai wata cutar ruɓar saiwa da ke bin laka daga wannan daji zuwa wancan.

Kowace damuna mai ƙarfi tana barin hukumar da aikin sake gina matakala da gadoji, wani lokaci sai jirgi mai saukar ungulu ne ke kai duwatsu da katako inda ake aikin. Injiniyoyi suna duba bangayen duwatsun, suna kuma ba da shawarar rufe sashen da suka ga alamar motsi a cikinsa. Sai dai babu mai iya faɗin ranar da wani dutse zai ɓalle. Abin da ya rage a hannun mai ziyara shi ne ya karanta allon da ke bakin hanya, ya tsaya a bayan shinge, idan kuma ya tarar an rufe hanyar ya juya ya koma.